Kashe sauti da cire kala ba su isa ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko har yanzu ana yin finafinai irin na zamanin su Charlie Chaplin, waɗanda ba a jin magana a ciki, kuma ko aikin bai wuce a kashe sauti a mayar da hoto baƙi da fari ba. Ana yi kam. Amma wancan tunani na biyun rami ne, ni ma na taɓa zurmawa ciki.

Shekarun baya ni da abokaina mun ɗauki wani gajeren fim yadda aka saba, 'yan wasa na zaune suna zuba zance. Da na zo tacewa a kwamfuta sai na cire muryoyin, na cire kalar, na watsa masa ɗige-ɗige don ya yi kama da tsohon faifai. Abin ya fito tamkar talabijin da aka rage wa murya: baki na motsi, ba wanda ya san dawan garin. Sai na shiga cusa allon rubutu bayan kowace jimla, har mai kallo ya koma mai karatu. A nan na gane cewa tun daga rubuta labari ake yin irin wannan fim. Idan ido ba zai gane abu ba, to ba shi da wurin zama.

Fara da The Artist na 2011, wanda Bafaranshe Michel Hazanavicius ya ba da umarni. Ya ci kyautar Oscar biyar, har da ta gwarzon fim. Lura da allonsa, bai da faɗi irin na yanzu, ya kusa zama murabba'i, shi ya sa fuska ke cika shi. An kuma ɗauke shi a kan hoto 22 cikin daƙiƙa maimakon 24, don motsin ya ɗan ƙara sauri kaɗan. Da hannu ake juya kyamarorin wancan zamani, sau da yawa a kan hoto 16 zuwa 18, to idan aka haska su a injin da ya fi haka gudu sai ka ga mutane na tafiya kamar ana korarsu. Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne mafarkin jarumin, Jean Dujardin. Ya ajiye kofin gilashi a kan tebur, sai ga ƙara, ƙwas! Ya sake ɗagawa ya ajiye, ya sake ji. Komai na ɗakin ya samu sauti, shi kuwa ya buɗe baki murya ta ƙi fita. Bayan ka daɗe ba abin da kake ji sai kiɗa, ƙarar kofi ɗaya ta isa ta sa gabanka ya faɗi.

Sai dai ni a ganina Blancanieves na 2012, na Pablo Berger ɗan Sifaniya, ya fi The Artist. Ya kafa labarin a kudancin Sifaniya na shekarun 1920, cikin masu wasa da bijimai, kuma yankan hotonsa na da zafi, fuska, ido, ƙaho, taron jama'a, duk a kan bugun kiɗa. Rashin sa'arsa kawai ya fito bayan wancan ya riga ya kwashe yabo. Duk da haka ya ci kyautar Goya 10 a ƙasarsu.

In kana son dariya zalla, nemi Hundreds of Beavers na 2022, faɗuwa da guje-guje ne cikin ƙanƙara. Shi kuma Guy Maddin na Kanada sai mai haƙuri, da gangan yake sa hotonsa ya yi dishi-dishi. Gwada The Heart of the World na 2000, minti 6 ne kacal, in bai yi maka ba ba ka yi asarar komai ba.

Wani abu da ake mantawa, yawancin tsofaffin finafinan nan rina su ake yi, shuɗi alamar dare, ruwan ɗorawa alamar rana ko hasken fitila. Kuma ba a cikin shiru ake kallonsu ba, akwai mai kaɗa piyano ko ƙungiyar makaɗa a zauren. Don haka idan za ka kalla, kada ka rage sautin, kuma ka kife wayarka. Ɗauke idonka na rabin minti, ka dawo ka tarar labari ya wuce ka, ba muryar da za ta cike maka gurbin.