Kokawar WWE: faɗa ne ko shiri?

Malam, ka tambaya ko kokawar WWE, wato kamfanin kokawa na Amurka, faɗan gaske ne. Shiri ne, kamar fim mai dogon zango. Marubuta ne ke tsara waye jarumi, waye mugu, da wanda zai yi nasara. Kamfanin da kansa ya amsa hakan a 1989 gaban majalisar jihar New Jersey.

Amma jiki yana ji. A 1998 ɗan kokawa Undertaker ya jefo abokin karawarsa Mick Foley daga saman kejin ƙarfe da aka kewaye dandalin kokawa da shi, ya faɗa kan teburin masu sharhi har kafaɗarsa ta goce.

Dubi kuma nasarori 21 a jere da aka gina wa Undertaker a WrestleMania, babban taron kokawar WWE na shekara-shekara, sai ɗan kokawa Brock Lesnar ya karya su a 2014. Ni dai a ganina, da matashi mai tasowa aka ba wannan damar, da labarin ya fi armashi.