Bayan dashen ɓargo, yaro zai rayu kamar sauran yara?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 11 yana da sikila. An gwada ƙanwarsa, ɓargonsu ya dace, muna shirin dashe. Idan an yi, zai yi karatu da wasa kamar kowa, ko wahalar ce za ta sauya kama? Daga wata uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Yaran da suka samu ɓargon ɗan'uwa na uwa ɗaya uba ɗaya wanda ya dace, kusan tara cikin goma suna rabuwa da sikila. Ciwon ƙashi da ƙarin jini su tsaya, yaro ya daina fashin makaranta, ya samu barci. A Najeriya ma an fara yin wannan dashe a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011.

Amma shekarar farko da nauyi take, musamman kwana 100 na farko. Magungunan da ake share tsohon ɓargo da su suna rushe garkuwar jiki, gashi ya zube, kasala ta daɗe. Zai ƙaurace wa cunkoso da ƙurar hunturu, ya kwana a gidan sauro, ya haƙura da nonon da ba a dafa ba. Zazzaɓi kuwa, ko tsakar dare ne, sai asibiti. Alluran rigakafin da aka yi masa yana jariri ma sai an sake su. Wani lokaci sabon ɓargon yakan far wa jikin da ya karɓe shi, a ga ƙuraje, gudawa ko bushewar ido da baki, kuma wannan ne ya fi rage wa mutane jin daɗin rayuwa daga baya. Kaɗaici na damun yara sosai a wannan lokaci, kada a raina shi.

Abin da na fi so ki tattauna da likitocinsa tun yanzu shi ne haihuwa, domin magungunan na iya shafar ta. Kuma ko ya warke, 'ya'yansa za su gaji ƙwayar sikila daga gare shi, don haka matar da zai aura dole a yi mata gwaji. Illar da ciwon ya riga ya yi wa ƙugu ba ta gogewa.

Kafin ku tafi wurin dashen, ku samu likitan jini a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko na Shika da ke Zariya wanda zai ci gaba da duba shi idan kun dawo.