Filin Tambaya da Amsa: Ƙwayar da take tsakanin haske da abu

Tambaya: Malam, ni ɗalibar fiziks ce a Jami'ar Tarayya ta Gusau. An gaya mana cewa akwai wata ƙwaya mai suna folariton, wadda rabinta haske ne, kuma ba ta daɗewa take ɓacewa. To ta yaya abin da yake mutuwa nan take zai taru ya zama ruwan kwantam, kamar yadda ake faɗa?

Amsa: Ɗiyata, kin taɓo inda gizo ke saƙar. Idan haske ya shiga semikondokta, wato abin da yake tsakanin mai wucar da lantarki da mai hana shi wucewa, yakan ɗaga ilektoron daga mazauninsa ya bar gurbi, sai ilektoron ɗin da gurbin su riƙe juna, kuma wannan haɗin shi ake kira eksiton. Idan aka sanya siririn semikondoktan tsakanin madubai biyu da ke kusa da juna ƙwarai, ƙwayar haske ba ta samun hanyar tsira da wuri: eksiton ya haɗiye ta, ya sake ta, madubi ya maido ta, har musayar ta yi saurin da ba a iya raba su biyun. Abin da ya samu shi ne folariton. John Hopfield ya yi bayaninsa a takarda a 1958, amma sai a 1992 Claude Weisbuch da abokan aikinsa suka gan shi tsakanin irin waɗannan madubai a Jami'ar Tokyo.

Daga haske folariton ya gaji rashin nauyi, domin ilektoron ya ninka shi nauyi sau dubu goma ko fiye, daga eksiton kuma ya gaji iya ture ɗan'uwansa. Rashin nauyin nan ne ya sauƙaƙa taruwar. A 1995 sai da aka sanyaya ƙwayoyin rubidiyam zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na digirin Kelbin (ma'aunin da sifirinsa shi ne ƙarshen sanyi) kafin su faɗa hali guda na kwantam, wato su riƙa motsi tare kamar abu ɗaya, alhali a 2006 folariton ya yi haka a wajen digiri 19 na Kelbin cikin semikondokta mai suna kadmiyam teluraid, a 2007 kuma aka samu leza ta folariton a zafin ɗaki cikin wani semikondoktan, galiyam naitiraid.

Amma gaskiyarki, madubin yana yoyo, kuma folariton yakan rayu fikosakan kaɗan ne, wato 'yan kashi cikin tiriliyan na daƙiƙa. Shi ya sa ake cewa tsarin a buɗe yake, dole a riƙa haska masa leza ana cike gurbin waɗanda suka fice. Dubi magudanar noman rani ta Bakolori a Talata Mafara: tsayin ruwan yana nan daram, amma ruwan da kika gani ɗazu ya riga ya wuce gona. Taron ne yake ɗorewa da tsarinsa, ba ɗaiɗaikun ƙwayoyin ba.

Masana sun yi ta ja-in-ja a kan ko wannan ya cancanci sunan taruwar Bose da Einstein, wato irin taruwar da rubidiyam ya yi, tunda ƙa'idar asali ta shafi tsarin da ya natsu ne, ba mai shiga ba mai fita. A ganina masu ƙorafin suna da hujja, sai dai yoyon da suke kuka da shi yana da ranarsa, domin kowace ƙwayar haske da ta tsere tana ɗauke da ƙarfi da alkiblar folariton ɗin da ta fito daga cikinsa, sai mai bincike ya karanta halin da taron yake ciki da kyamara. Ta wannan hanyar ce a 2009 aka ga folariton yana kwarara ya wuce cikas ba tare da ya warwatsu ba, a wani gwaji da aka yi a Paris.