Amsa ga mai Hilux ɗin da faifan birkinta ya ƙi fita

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce Hilux ce ƙirar 2012, ka kwance tayar gaba, ka sauke abin da ke matse faifan birki, amma faifan ya kafe a jikin hob, wato cibiyar ƙarfen da ake ɗaure taya a kai, ka wuni kana dukansa da guduma ko gezau. To, ajiye gudumar nan tukuna. Ni ba bakanike ba ne, amma shekara 9 ina jigilar hatsi da a-kori-kura tsakanin Daura, Mai'adua da Katsina, kuma wannan aikin ya taɓa cinye mini kwana biyu da kuɗin da ban shirya ba.

Babu wani noti da ya rage yana riƙe da faifan nan. A irin ƙirar taka, notocin taya ne kawai ke danne shi. Tsatsa ce ta ci wuyan hob, daidai inda ramin tsakiyar faifan ya zauna a kai, da kuma fuskar da suka manne ta baya. Wani zai ce ina tsatsa a ƙasarmu mai rairayi? Ai damina ɗaya ta isa, in kana ratsa fadama, a wanke mota da ruwa mai ƙarfi, sannan a ajiye ta wata biyu. Masu Tacoma, 'yar'uwar Hilux, da aka shigo da su daga Amurka ko Kanada ta Kwatano kuwa, nasu ya fi muni, don can gishiri ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara.

Kafin komai, kada ka bar motar a kan jak kaɗai. Sa mata ƙarfen tokare ko kututture mai ƙwari, ka kuma tare tayoyin baya da dutse. Abin matse faifan nan da ka sauke, ɗaure shi da waya a sama, kar ya yi lilo a kan tiyon birki. Sannan ka mayar da noti biyu a kan kusoshin taya, ka ɗan juya su kawai ba tare da ka ɗaure ba. Nawa ranar da ya saki, babu noti ko ɗaya, ya faɗo mini a kan babban yatsa ina sanye da silifas. Farcen bai dawo daidai ba sai bayan Babbar Sallah.

Yanzu ka goge fuskar faifan, tsakanin kusoshin taya, za ka ga ƙananan ramuka biyu suna kallon juna. Sau da yawa laka ta toshe su, shi ya sa mutane ba sa lura. Ramukan nan suna da zare a ciki, kuma don wannan ranar Toyota ta yi su. Kusa mai kaurin milimita 8 ke shiga, irin wadda sifana 12 ko 13 ke kamawa. Sami guda biyu masu ƙwari, ka tsokale ramukan, ka ɗiga mai. Fesa WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, a kewayen wuyan hob da gindin kowace kusar taya. In babu, kalanzir da ɗan baƙin mai suna yi. Ka bar shi ya jiƙa, ka je ka yi Azahar ka ci abinci.

In ka dawo, ɗaura kusoshin biyu har su taɓa hob. Daga nan rabin juyi a wannan, rabin juyi a waccan. Kada ka ɗaure ɗaya ta wuce 'yar'uwarta, faifan zai karkace ya ƙara cijewa. Da ka ji sun yi tauri, tsaya. A nan ne guduma take da amfani: ka riƙa bugun tudun tsakiyar faifan, tsakanin kusoshi, kana juya shi. Bugu kaɗan, juyi kaɗan. Za ka ji wata ƙara "ƙwas" kamar an karya rake, garin tsatsa ja ya zubo ƙasa. Ya saki ke nan.

Ni kuskuren da na yi a karon farko, wani yaro a wani gareji da ke hanyar Daura na bari ya hau shi da babbar guduma ta bakin faifan. Ya kuskure sau biyu ya daki kusoshin taya, zarensu ya mutu. Bayan mako uku kuma boris ɗin da hob ke juyawa a kai ya fara kuka. Faifan da na so a gyara na ci gaba da amfani da shi, shi ma ya lanƙwashe.

Idan zaren ramukan ya cinye, akwai dabara ta biyu. Ka zura doguwar kusa mai kauri ta kunnen da abin matse faifan yake ɗaurewa, ka sa noti da washa (zoben ƙarfe) ta ciki, yadda in kana ɗaurewa bakin kusar zai riƙa tura faifan daga baya. Ka tura kaɗan, ka sassauta, ka juya faifan, ka sake. Wannan tana barin tabo a jikinsa, don haka sai in sabo za ka sa. Wuta ita ce ta ƙarshe: mai walda ya ɗumama tsakiyar faifan kawai, a gurguje. In zafin ya shiga hob, giris ɗin boris zai narke, wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ita ma tana nan kusa.

Masu tsohuwar Hilux ta kafin 2005, kada ku wahalar da kanku da wannan. A yawancinsu faifan ta bayan hob aka ɗaure shi, sai an fito da hob ɗin gaba ɗaya.

In ya fita, kankare fuskar hob da buroshin ƙarfe da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana. Ɓarɓashin tsatsa kaɗan in ya rage, faifan ba zai zauna daidai ba, sitiyari ya riƙa rawa duk lokacin da ka taka birki, ka zargi mai sayar da kaya a banza. Shafa giris siriri a wuyan hob kaɗai, ka tsabtace fuskar faifan sosai kar mai ya taɓa takalman birki. In tsohon za ka mayar, duba gefensa, akwai lambar ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, a auna maka. Kuma kafin ka motsa motar, taka birki sau da yawa har ya yi tauri.

Ka ɗauko mana hoton fuskar faifan idan ba ka ga ramukan ba.