Tambaya da Amsa: Tafkin ninkayar gidanmu ya zama kore shar

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun tare a wani gida da ke da tafkin ninkaya na kankare a bayansa, tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 4, matsakaicin zurfinsa kuma mita ɗaya da rabi. An yi kusan shekara biyu ba a kula da shi ba, ruwan ya zama kore shar, gansakuka ta lulluɓe bango, kwaɗi kuma sun mayar da shi gida. Maigidana yana so a kwashe ruwan duka a zuba sabo. Shin hakan ne ya dace? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin maganar gyara, a killace wurin tun yau, domin ruwan da ba a hango ƙasansa yana iya ɓoye yaron da ya faɗa ciki, ga shi kuma matattarar sauro ce a bayan ɗakin kwananku.

Dangane da shawarar maigida, ban goyi bayan a kwashe ruwan ƙarƙaf ba, musamman da damina. Nauyin ruwan da ke ciki shi ne yake danne ginin, don haka idan aka bar shi fanko alhali ƙasar da ke kewaye da shi ta sha ruwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa na iya tsaga daɓen ko ma ya ɗaga tafkin baki ɗaya. Kwashewa tana zama dole ne idan laka ta taru sosai a ƙasa ko gini ya tsage, kuma ko a nan ɗin a bari sai rani, a kira wanda ya san aikin.

Abin da za a fara dubawa shi ne injin da ke juya ruwan da kuma tankin tacewa. A ganina nan ne aikin yake cin nasara ko ya faɗi, domin kulorin, wato maganin da ake zuba wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, yana kashe gansakuka ne kawai, tankin tacewa ne yake fitar da gawarta daga ruwan. Idan tankin mai yashi ne, bayan shekara biyu a zaune mai yiwuwa yashin ya dunƙule, sai a sauya shi. Za a buƙaci injin ya yi aiki dare da rana na kwanaki da dama, saboda haka a yi lissafin wuta ko man janareta kafin a sayi ko da kilo ɗaya na magani. Wanda ya zuba kulorin ya kashe inji saboda an ɗauke wuta, zai wayi gari bayan kwana biyu ya tarar da koren ya dawo, kuɗinsa kuma sun bi ruwa.

Daga nan a sa raga mai doguwar sanda a kwashe ganye da duk wani tarkace, saboda kowane ruɓaɓɓen ganye yana cinye maganin da ya kamata ya tafi kan gansakuka. A goge bango da matakala da buroshi sosai. Baƙaƙen ɗigo da ke manne a jikin siminti su ne mafi taurin kai, sai an kankare su da buroshin ƙarfe, amma ba a sa irin wannan buroshin a tafkin roba.

A sayi kayan gwajin ruwa, domin ido ba ya auna magani. A fara da ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwan ya karkata wajen asid ko akasinsa, a sauko da shi zuwa wajen 7.2 da asid ɗin da ake sayarwa don wannan aiki, kasancewar ƙarfin kulorin yana raguwa idan ma'aunin ya yi sama. Tafkinku yana ɗaukar lita 48,000. Giram ɗaya na tsantsar kulorin a cikin lita 1,000 shi ne abin da kayan gwaji ke nunawa a matsayin ppm ɗaya, garin kulorin na kasuwa kuwa yawanci kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ne ƙarfinsa, don haka kusan kilo ɗaya da rabi zai kai ruwan ppm 20. A narkar da shi a bokitin ruwa, a zuba bayan magariba, domin hasken rana yana lalata shi da sauri.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa zubi ɗaya ya wadatar. Ruwa mai kauri irin wannan yana iya shanye maganin cikin 'yan sa'o'i, saboda haka a riƙa aunawa safe da yamma ana ƙarawa, ana gogewa kullum, ana kuma wanke tankin tacewa duk lokacin da agogon matsin ruwa ya hau. Launi zai sauya daga kore zuwa toka-toka, sannan fari kamar an dama koko, wanda alama ce ta mutuwar gansakuka. Idan duhun ya ƙi washewa, alif ɗin da muka sani na kwantar da ruwan sha yana aiki a nan ma: a zuba, a kashe inji ya kwana, da safe a zuƙe abin da ya kwanta a fitar da shi waje kai tsaye ba ta cikin tanki ba.

A yi hattara da magungunan nan. Garin ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan gari. Kada a haɗa kulorin da asid, domin suna fitar da iska mai guba, kada kuma a cakuɗa garin da ƙwayoyin kulorin a mazubi ɗaya, saboda suna iya kamawa da wuta. A sa safar hannu da tabarau na kariya.

Za ku san aiki ya kammala idan kuna ganin daɓen a wuri mafi zurfi, kuma kulorin da aka auna da dare bai ragu da fiye da ppm ɗaya ba zuwa asuba. Sai a jira kulorin ɗin ya sauka tsakanin ppm 1 da 3, pH kuma tsakanin 7.2 da 7.6, kafin kowa ya shiga. Idan da ruwan rijiyar burtsatse za ku cike abin da ya ragu, kada ku firgita in ya koma ruwan ƙasa-ƙasa bayan an sa magani, sinadarin ƙarfen da ke cikinsa ne kulorin ya fito da shi, kuma tacewa za ta ɗauke shi.