Wace maikrokontrola mai araha ce ta dace da na'urar kula da tankin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin lantarki, kuma ina son in haɗa na'urar da za ta riƙa kashe famfon burtsatsen gidanmu da zarar tanki ya cika, ta sake kunna shi idan ruwa ya yi ƙasa. Kuɗin hannuna kaɗan ne, kuma na ji ana cewa akwai maikrokontrola (ƙaramar kwamfuta a guntu ɗaya da ke sarrafa na'ura) da farashinta bai wuce santi 10 na dalar Amurka ba. Ita zan nema, ko Arduino, ko kuwa ESP32?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba da sa'a a karatu. Wadda ka ji labarinta ita ce CH32V003 ta kamfanin WCH na ƙasar Sin, kuma ba ƙarya aka yi maka game da farashinta ba. Tana gudu a kan 48MHz, tana da ma'adanar manhaja ta 16KB da RAM 2KB, wanda ya ishi aikinka har da saura. Sai dai ban ba ka shawarar ka fara da ita ba, domin sai ka sayi na'urar ɗora mata manhaja ta musamman mai suna WCH-LinkE, sannan ka yi ta fama da liƙa ƙananan ƙafafunta da dalma, ga kuma ƙarancin misalan da za ka koya daga gare su. Arahar tata tana amfanar mai ƙera ɗaruruwan na'urori don sayarwa ne, amma kai da guda ɗaya za ka haɗa, abin da ka rage a kuɗin guntun zai tafi a kayan aiki da kwanakin da za ka ɓata.

Abin da ya fi dacewa da kai shi ne Arduino Nano, ko da kwaikwayonta ne, wadda ke ɗauke da ATmega328P. Guntu ne tsoho mai 8-bit, yana gudu a kan 16MHz da ma'adana ta 32KB, kuma a takarda ya fi duk sauran ƙarancin gudu. Amma aikinka karanta sensa ɗaya ne mai gano yawan ruwa da kunna rile ɗaya, wato makunnin da siginar allon ke buɗewa da rufewa, ba ya buƙatar gudu. Babbar fa'idarta ita ce tana aiki da volt 5, wanda shi ne ƙarfin wutar da yawancin rile da sensa masu araha suke amfani da shi, saboda haka za ka haɗa su kai tsaye. Idan kwamfutarka ta ƙi gane allon kwaikwayon, yawanci direban CH340, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon ta USB, shi ne ba a saka ba, ba lalacewa ya yi ba.

ESP32, wadda kamfanin Espressif ya fitar a 2016, tana da Wi-Fi da Bluetooth da gudun da ya kai 240MHz, kuma sau da yawa farashinta ba ya nesa da na Nano. Ka ɗauke ta idan kana son ka riƙa ganin yawan ruwan a wayarka. Sai ka kiyaye abu biyu. Ƙafafunta na volt 3.3 ne, don haka siginar volt 5 da sensa irin HC-SR04, mai auna nisa da sauti, ke fitarwa sai an rage ta da rezista biyu kafin ta shiga. Na biyu, idan Wi-Fi yana kunne, rukunin ƙafafun da ake kira ADC2 ba ya iya auna ƙarfin siginar analog daga sensa, kuskuren da ya sa ɗalibai da dama zargin allo lafiyayye. Raspberry Pi Pico, da ta fito a 2021 a kan dala 4, ita ma mai kyau ce musamman ga mai son rubuta manhaja da harshen MicroPython, amma babu abin da za ta ƙara maka a wannan aiki. Allon STM32 da ake kira Blue Pill kuwa jabunsa sun yi yawa a kasuwa, ba na so mai koyo ya fara da shi.

Inda ya kamata kuɗinka su tafi shi ne wajen wuta da famfon. Kada ka bar ƙaramin rile ya ɗauki nauyin famfo shi kaɗai, domin wutar da injin famfon ke ja lokacin tashi ta ninka wadda yake ja yana gudu sau da yawa, kuma za ta ƙone bakin rilen cikin ɗan lokaci. Rilen ya kunna kontakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, ita kuma ta kunna famfon. Ka nemi adafta mai inganci, ka sa kafasita kusa da allon, saboda yadda wuta ke hawa da sauka a wajenmu yana sa maikrokontrola ta riƙa sake farawa ba dalili. HC-SR04 kuma ba ta jure tururin cikin tanki, gara JSN-SR04T da aka yi don jure ruwa, ko makunni mai yawo a saman ruwa. A cikin manhajar ka sa famfon ya kasance a kashe duk lokacin da allon ya farka, ya kuma jira kamar minti ɗaya bayan an dawo da wuta kafin ya tashi.