Wutar Cek Ta Kama: Me Za Ka Fara Dubawa?

Ka tambaye ni: "Oga, tunda kwamfuta ta riga ta faɗi abin da ke damun mota, me zai hana mu canja sensar da ta ambata, mu goge wutar, mai mota ya kama gabansa? Me ya sa sai mun ɓata rabin yini muna gwaje-gwaje?" Na ji daɗin tambayar nan, ɗana. Ja benci ka zauna.

Kwamfuta ba ta taɓa cewa "canja kaza." Abin da take nuna maka shi ne inda ƙwaƙwalwar mota ta ga lissafi ya ƙi fita. Kamar mutum ne ya je asibiti da zazzaɓi: zafin jikin gaskiya ne, amma sai an ɗebi jini kafin a san ko na cizon sauro ne ko taifod. Lambar da ka gani a allo ita ce zazzaɓin. Gano cutar aikinka ne, kuma a kansa ake biyanka.

Tun kafin ka ɗauko kwamfutar aiki ya fara. Murɗa makulli fitilun dashbod su kawo, kada ka tayar da inji. Dole wutar cek, wato fitilar da ke gargaɗin matsalar inji, ta kama tare da sauran, sannan ta ɗauke bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, to ko ƙwan ya ƙone, ko wani ya cire shi, ko ya liƙe shi da baƙin salatif don ya sayar da mota. Ana yin haka a motocin tokumbo, saboda haka duk wanda ya ce ka duba masa mota kafin ya biya kuɗi, daga nan za ka fara. Sai ka lura da yadda wutar take ci. In ta tsaya cak kuma mota na tafiya lafiya, mai ita zai iya lallaɓawa ya iso gareji. In tana ƙiftawa, ka ce ya sauka gefen titi ya kashe. Inji na misin sosai ke nan, wato wata silinda ba ta ƙone mai, ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana ƙonewa a cikin indomi, wato tukunyar da ke tace hayaƙi, har ya kai ga narkar da ita. Kada kuma ka haɗa ta da jar wutar baƙin mai ko ta zafin inji. Waɗannan ba a ƙara ko taku ɗaya da su.

Saboda hayaƙi aka ƙirƙiro tsarin nan tun asali. A Amurka doka ta tilasta wa motoci daga ƙirar 1996 su zo da tsarin OBD-II, wanda mota ke bincikar kanta da shi, Turai ta biyo baya da motocin fetur a 2001, na dizal a 2004. Shi ya sa soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona kwamfuta, iri ɗaya ne a Toyota da Honda da Peugeot. Shi ya sa kuma wutar kan kama a kan abin da direba ba ya jinsa a jikin mota ko kaɗan. Murfin tanki da ba a ɗaure da kyau ba, ko wanda robarsa ta tsage, ya isa ya kawo P0455. Harafin farko na lamba yana gaya maka sashe: P inji da giya, B jikin mota, C burki da ƙafafu, U sadarwa tsakanin ƙwaƙwalen mota. In sifili ya biyo bayan P, ma'anar ɗaya ce a kowace mota. In 1 ne, ta kamfanin ce, kada ka ɗauki fassarar Honda ka kai wa Toyota.

Sannan ka tambayi mai mota, ka kuma saurare shi da kyau. Yaushe ta kama? Bayan ya sha mai a hannun 'yan bumburutu ne? Bayan an wanke inji ruwa ya shiga soket? Mota ta daɗe a ajiye ɓera ya samu wayoyi? Wanda ya ga abin da gurɓataccen fetur mai metanol ya yi wa motoci a Najeriya a farkon 2022 ba zai raina tambayar mai ba. In kuwa ka ga lambobi sun fito birjik, babu wata alaƙa tsakaninsu, ɗora mita a kan batir. Lafiyayye yana ba da kusan 12.6 in mota na kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki. Kan batir da ya yi sako-sako ya sha sa a yi wa sensoci ƙazafi.

Yanzu ga wadda ta fi cin kuɗin mutane a banza, P0171. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Sensar salansa ta gaba ita ke shinshina hayaƙi ta kai rahoto. Da yara sun ga lambar nan sai su ruga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa su sayo sensa, alhali baiwar Allah gaskiya ta faɗa. A sa sabuwa, bayan kwana biyu wuta ta dawo, mai mota ya dawo da fushi, kuma yana da gaskiya.

Ga abin da za ka yi. Bari inji ya yi zafi, ka shiga shafin da ke nuna bayanai kai tsaye, ka nemo STFT da LTFT. Su ne ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa don ta daidaita lissafi. Kusa da sifili lafiya ne. In jimillarsu ta haura 10 cikin ɗari akwai magana, in ta kai 20 ko 25 ƙwaƙwalwa ta kusa ƙure iyakarta. Duba su mota na silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, sannan ka taka totur ka riƙe juyin inji a 2,500 a minti. Idan lambar ta yi sama a silo amma ta sauko da ka taka, iska ce ke satar hanya a bayan totur: ƙaramin tiyo ya tsage, ko gaskit ɗin manifol ya bushe. Kasa kunne, sau da yawa za ka ji tsit-tsit ɗin iskar. Bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ka lanƙwasa shi, domin tsagar takan ɓuya ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Idan kuwa a silo lafiya lau, sai ka taka take hawa, to mai ne ba ya isa: famfon mai ya gaji, matatar mai ta toshe, nozul sun yi datti, ko sensar da ke auna iska ta sha ƙura. Lokacin hunturu wannan ta ƙarshe ta fi yawa. Ciro ta ka ɗaga a haske, za ka ga siririyar wayar ciki ta yi furu-furu. Fesa mata maganin wanke ta, ka bari ta bushe. Kada ka taɓa wayar da tsumma ko sukundireba.

Misin ya fi sauƙi. P0302 na nufin silinda ta biyu. Ɗauke koyil ɗinta ka musanya da ta uku. In lambar ta koma P0303, koyil ce. In ba ta motsa ba, yi haka da fulogi, sannan nozul, sannan ka auna matsin silindar. Ko kobo ba ka kashe ba ka san mai laifi.

Akwai lambar da mu makanikai muke jawowa da hannunmu, kuma abin yana ci mini rai: P0128. Mota ta shigo daga waje, a ce ai ƙasarmu da zafi, a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. Inji ya kasa kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90. Ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu inji da sanyi, ta yi ta zuba mai. Mai mota na kukan shan mai a wannan tsadar, fulogi na yin baƙi, inji na cinyewa a hankali. Motar da ke zafi, lagireto za ka duba, da fanka, da famfon ruwa, da murfi. In tamostat ɗin ne ya maƙale, sabo za ka sa. A garejin nan ba a cire shi a bar gurbin wayam.

P0420 kuma tana cewa indomi ba ta tace hayaƙi yadda ya kamata. Kafin komai shiga ƙarƙashi ka duba ko tana nan ma, domin ana sace ta saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, irin su filatinam. In ka ga sabuwar walda a jikin tukunyar, ka yi zargi. In tana nan, ka tabbatar salansa ba ta huje kusa da sensa ba. In ta mutu da gaske, nemo abin da ya kashe ta, misin ne ko inji na shan baƙin mai, in ba haka ba sabuwar ma hanyar za ta bi.

Batun gogewa, ka riƙe wannan da kyau. Lokacin da lamba ta shiga, ƙwaƙwalwa tana ajiye bayanin wannan daƙiƙar: gudun mota, juyin inji, zafin ruwa, ƙarin mai. Da ka danna gogewa, ko ka cire kan batir, duk shaidar nan ta tafi. Saboda haka ka ɗauki hotonta da wayarka tukuna. Bayan ka gyara sai ka goge, ka hau titi da motar, cikin gari da babbar hanya, ka dawo ka duba ko ƙwaƙwalwa ta kammala gwaje-gwajenta ba tare da lambar ta dawo ba. Shafin da ke nuna gwaje-gwajen nan zai kuma tona maka asirin dillali: motar sayarwa babu wutar cek, amma gwaje-gwajen duk ba su kammala ba, an goge ta ne ba da daɗewa ba.

Camry ɗin can da ke bakin ƙofa, gobe in Allah ya kai mu kai za ka riƙe kwamfutar. Ka kawo mini lambar a rubuce, da abin da mai motar ya faɗa maka, da LTFT a silo da a 2,500, da abu biyu da kake zargi da yadda za ka gwada kowanne. Sai mun duba takardar tare za ka ɗauki sifana.